Zalika, Kada Ki Bar Allurarki

Da sunan Allah mai rahama, mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata Zalika,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da hanya da baƙunta. Innarki tana gaishe ki, ƙannenki ma haka. Allah Ya sa kin sauka lafiya, Ya sa mutanen da kika tarar su zame miki dangi, Ya tsare ki a garin da ba ki san kowa ba.

Ranar da muka raka ki tasha na so in yi miki magana, ina buɗe baki kika ce, "Baba, na sani." Gaskiya ne, kin sani. Kin fi ni karatu, kuma shekaru ke nan kina yi wa kanki allurar insulin ba mai riƙe miki hannu. Amma yawancin abin da zan faɗa miki a nan, ni ma an gaya mini shi tun kafin in aikata. Shi ya sa na zauna in rubuta. Rubutun zai yi manya-manya ya karkace, kin san halin idon. Labarin gida innarki za ta ba ki a waya. Ni labarin jikina zan ba ki, tunda ciwonmu ɗaya ne kuma na riga ki shiga cikinsa da nisa. An tura ki koyarwa ƙauye can bayan Sae Sabuwa, babu kuran, wato wutar lantarki, gidan likita kuma sai an hau moto, wato babur. A nan Agiye kuskure yana samun mai gyara shi. A can ke kaɗai ce.

Ya fara mini ne ban daɗe da auren innarki ba, ina da ɗan shagon ɗinki a bakin titi. Ƙishirwa ce ta soma. In sha ruwa, kafin in ajiye moɗa maƙogwaro ya bushe. Sai fitsari, ba na gama ɗinka hannun riga ban tashi na zagaya ba, kuma kiyashi na taruwa a wurin. Ina ci kamar mutum biyu amma ina ramewa. Wandon da na ɗinka wa kaina na rage masa ƙugu, na sake ragewa. A shekarun nan, in saurayi ya rame haka, ciwo ɗaya mutane ke raɗawa, wanda ba a kiran sunansa a gaban mai shi. Na ji tsoron a auna ni a ce shi ne, sai na ƙi zuwa awo. Na zauna ina jiƙe-jiƙe har ƙafafuna suka kasa taka keken ɗinki, sannan aka ɗauke ni zuwa Maraɗi.

Likitan da ya duba ni ya zaunar da ni ya ce, "Malam Lawali, akwai wani ɗan nama a bayan tumbinka, aikinsa fitar da wani ruwa da ake ce wa insulin. Abin da ka ci yana zama sukari ya shiga jini, wannan ruwan ne ke shigar da shi cikin tsoka ya zama ƙarfi. Naka ya daina aiki. Sukari ya cika jini ya rasa mashiga, sai ƙoda ta riƙa zubar da shi ta fitsari, yana tafiya da ruwan jikinka. Jiki kuma yana jin yunwa, sai ya koma cin kitsensa da namansa."

Na ce, "To likita, allurar ta kwana nawa ce?"

Ya ce, "Ta duk kwanakin da Allah Ya ba ka."

Na ji maganar, amma ban yarda da ita ba. Abin da nake so ki ɗauka daga nan shi ne, kada tsoron abin da awo zai nuna ya hana ki awo. Duk lokacin da kika ji ba kya son tsira yatsa ki auna sukari don kin san lambar ba za ta yi kyau ba, to a lokacin kika fi bukatar ganinta.

Da na fara allura sai jiki ya dawo. Na yi ƙiba, na koma shago, har majo, babban ma'aikacin jinya na nan gidan likita, ya rage mini yawan allurar da nake yi. Na ɗauka warkewa ce ta kama hanya. Ana nan kawuna Ɗan Jimma, Allah Ya jiƙansa, ya dawo daga kasuwar Gazawa da ƙullin sassaƙe da wani gari mai ɗaci. Ya ce, "Lawali, kai yanzu haka za ka ƙare, kullum kana sukar kanka? Ga wani Alhaji can ya sha wannan, ya bar ƙwayoyin asibiti, yana nan garau." Ban san ciwon iri-iri ba ne. Na Alhajin irin na manya ne, wanda jiki ke da sauran insulin ɗinsa. Namu kuwa babu ko kaɗan, sai wanda muka zuba. Na ajiye allura na kama ɗaci.

Ba a jima ba ƙishirwa ta dawo. Na ce maganin ne ke wanko ciwon. Sai amai, sai ciwon ciki kamar ana murɗa hanji, sai numfashi mai zurfi da sauri wanda ban iya tsayar da shi ba. Innarki ta ce bakina yana warin mangwaron da ya soma ruɓewa. Ban san lokacin da aka ɗora ni a amalanke ba. Da na farfaɗo, majo ya ce jiki in ya rasa insulin yana ƙona kitse babu ƙaƙƙautawa, dattin wannan ƙunar ya taru a jini ya zama guba, kuma da an ƙara jinkiri da ba gida za a mai da ni ba. Kawu ya zo ya zauna a bakin gado yana hawaye. Ba mugu ba ne. Da zuciya ɗaya ya kawo.

Haka za a kawo miki, Zalika. Matan garin za su so ki, su ga yarinya kamarki tana allura su ji tausayi, su zo da ganye da saiwa da labarin wanda ya warke. Ki yi godiya, ki karɓa da hannu biyu in kin ga ƙi zai ɓata rai, amma kada ki bar allurarki ko da yini ɗaya. Akwai kuma wani tarko da ya fi wannan kama da hankali. In zazzaɓin sauro ya kama ki, kika kasa cin abinci, zuciya za ta ce miki tunda ba a ci ba ai ba a allura. Ni ma na taɓa yin wannan lissafin, na sake kwanciya a gadon asibiti. Zazzaɓi da kansa yana hawar da sukari. Ranar ciwo ki yawaita awo, ki yawaita ruwa, ki kira majo ya gaya miki yadda za ki daidaita, amma ba a dainawa. In amai ya ƙi tsayawa, ki hau moto tun kina iya zama a kansa.

Maganar zafi kuma. Akwai shekarar da nake ajiye kwalbar insulin a aljihun keken ɗinki, don ta yi kusa da hannu. Shagon rufin kwano ne, kin san yadda yake da bazara. Ina allura a kan lokaci, ina kiyaye abinci, amma jiki ya ƙi daɗi. Na zargi tuwo, na zargi innarki da sa sukari a kunu, har muka yi kwanaki ba ma dogon zance. Ashe zafi ne ya kashe maganin, ruwa kawai nake zuba wa kaina. Tunda ba firigo a inda kike, ki nemi ƙaramin tulu sabo ki sa cikin babba, ki cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ki rufe da tsumma mai laima, ki ajiye a inuwa inda iska ke bi. Kwalbar ki sa ta a gwangwani mai murfi kada ruwa ya taɓa ta. Kada kuma ki ɗora ta a kan ƙanƙara, daskarewa ma kashe ta take yi. In kin ga kalarta ta sauya ko ta yi gudaji, ki bar ta. Ki riƙa neman sabuwa tun ta hannunki da saura, musamman da damina in ruwa ya yanke hanya. Ki riƙa sauya wurin allura. Ni na manne wa wuri ɗaya a cinya don ya daina zafi, wurin ya yi ƙullutu, maganin ya daina shiga jini yadda ya kamata.

Yanzu ga wanda na fi so ki karanta a natse. Na daɗe ina ɓoye ciwona. Ban da mutanen gida ba wanda ya sani, har Sale mai shayi, wanda rumfarsa ke jikin shagona kuma muke cin abinci kwano ɗaya. Ina ganin in an sani za a daina kawo mini ɗinki, a ce tela mai ciwo ba zai cika alkawari ba. Da azumi ya zo likita ya hana ni, amma na kasa zama a bakin titi kowa na azumi ni ina ci. Na yi allura da sahur na ɗauki azumi. Ga ɗinkin salla ya taru, ina taka keke tun safe.

Bayan azahar na ji gumi mai sanyi, hannuna na rawa, zuciya na bugawa. Na san alamar, sukari ne ya faɗi. Ga sukarin Sale a gwangwani, miƙa hannu kawai. Na ce bari in daure, la'asar ta kusa, daga nan sai magariba. Abin da ban lissafa ba shi ne, ƙwaƙwalwa da sukari take aiki, in ya yi ƙasa hankalin da za ka ceci kanka da shi ne ke fara tafiya. An ce wata mata ta zo karɓar kayan 'ya'yanta na zage ta, ni da ban taɓa ɗaga wa mai kawo ɗinki murya ba. An ce Sale ya riƙe ni na kai masa duka, sannan na faɗi ina karkarwa. Mutane suka taru, wani ya ce iska ce, aka kawo hayaƙi ana tofi. Wani ya ce a ɗura mini ruwa, wani ya ce ai yana azumi. Allah Ya sa aka je aka kira innarki. Ta ratsa mazan nan ta kwantar da ni ta gefe, ta ɗebi sukarin Sale ta shafa mini cikin kumatu, ta ce a kawo mota.

Da na dawo shago Sale bai amsa gaisuwata da daɗi ba. Na ɗauka dukan ne. Ya ce, "Ba dukan ba ne, Lawali. Da ka mutu a gabana da gwangwanin sukari a hannuna, yaya kake so in yi da raina?" Liman kuma ya kira ni ya ce addini bai ɗora wa mai irin ciwona azumin da zai halaka shi ba, in ciyar a madadinsa, kuma abin da na yi kunyar mutane ce, ba tsoron Allah ba. Tun daga nan nake ciyarwa.

Saboda haka ki gaya wa mutane. Ki gaya wa daraktan lakol, shugaban makarantarku, tun makon farko. Ki gaya wa matar gidan da aka sauke ki, ki nuna mata inda kike ajiye sukari. Ki ce musu, in sun ga kina gumi, ko kina maganar da ba ta kama hankali, ko kina faɗa ba dalili, su ba ki sukari ko abin sha mai zaƙi ko da kina ƙi. In kuwa kin suma, kada a ɗura miki komai, za ki shaƙe. A kwantar da ke ta gefe, a shafa sukari ko zuma cikin kumatu, a kai ki gidan likita. Kada jakarki ta rabu da ƙwayar sukari ko dabino. In alamar ta zo miki kina tsakiyar darasi, ki tsaya ki ci a gaban yaran. Za su yi kallo ranar farko, daga nan su saba. In kin yi allura kada ki jinkirta abinci don baƙo ko don taro, in kuma za ki yi doguwar tafiya a ƙafa ki ci wani abu tukuna.

Duk waɗannan da na faɗa masu hayaniya ne, suna kayar da mutum a taru a kansa. Wanda ya fi ci mini jiki bai yi hayaniya ba. Bayan faɗuwar nan na tsorata da saukar sukari, sai na gwammace ya zauna a sama. Ina rage allura kaɗan, ina ƙara fura. Ba na faɗuwa, ba na amai, ina aikina. In majo ya ce in je Maraɗi a duba ido da ƙoda, sai in ce lafiyata ƙalau, me za a duba? Shekaru suka wuce a haka. Ashe sukarin da ya zauna a jini yana cin ƙananan hanyoyin jini a hankali, waɗanda suka fi zare siriri, kuma sun fi yawa a ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa.

Ido ne ya fara. Na soma ganin wasu baƙaƙen zarurruka suna yawo a gabana, in kai hannu in kawar babu komai. Zura zare a allurar ɗinki ya zama aiki. Wata safiya na tashi idon hagu ya rufe da wani jan hazo. A Maraɗi aka ce jini ne ya zuba a bayan idon, kuma da an duba tun da wuri da an ƙone wuraren da ke yoyo kafin su fashe. Na dama aka samu aka ceto. Daga nan na bar aikin wuyan riga, wanda da shi aka san ni.

Ƙafa kin san ƙarshenta, kina ƙarama lokacin, amma ba ki san farkonta ba. Ta soma da zafi kamar ana zuba barkono a tafin, daga baya zafin ya tafi, na yi murna. Ashe jijiyar ce ta mutu. Ina da ɗabi'ar taka keke ba takalmi. Wata rana na taka karyayyar allurar keke, na yini da ita a ƙafa ban sani ba, sai da innarki ta ga jini a tabarma. Na cire, na ɗaure da ƙyalle, na ci gaba da aiki tunda ba ya ciwo. Ciwon mai sukari ba ya saurin warkewa, jini ba ya isa wurin sosai, ƙwayoyin cuta kuma suna jin daɗin zaƙin. Ya kumbura, ya yi wari, ya yi baƙi. Yatsu biyu aka cire, likita ya ce in gode Allah da ba daga gwiwa ba.

Inda kike akwai ƙaya da ƙarangiya da yashi mai zafi. Kada ki taka ƙasa ba takalmi, ko a tsakar gida. Ki zazzage takalmi kafin ki sa. Kullum ki duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu da ido, kada ki jira jin zafi, bayan alwala kuma ki goge su su bushe. Kada ki bari a yanke miki farce da reza, kada ki gasa ƙafa a wuta lokacin ɗari. Ko ƙaramin ƙurji ne, in ya kwana biyu bai kama hanyar warkewa ba, ki nuna shi. Duk babban hutu ki je a duba ido da fitsari da hawan jini, musamman lokacin da kike jin lafiyarki ƙalau. Ba dole ba ne abin da ya same ni ya same ki. Yawancinsa sakaci ne, kuma ku yanzu kuna da abin awo a hannu, mu ba mu samu ba sai da ɓarna ta yi nisa.

Lokacin da naki ya bayyana kina kolej, tun ƙishirwar farko na gane, washegari muna gidan likita. Amma bayan nan na yi miki wani kuskuren. Na tsare ki kamar ƙwai. Na hana ki wasa, na hana ki kwana gidan gwaggonki, da kika ci jarrabawar makarantar malamai na ce ba inda za ki. Innarki ce ta ce, "Malam, allurar nan don ta rayu ake yi mata ko don ta zauna a ɗaki?" Na janye maganata, shi ya sa kika tafi. Kada ki ɗauki tsorona ki mai da shi naki. In maganar aure ta taso, ki gaya wa mutumin gaskiya tun farko, ki nuna masa allurar da idonsa. Wanda ya ja baya ya hutar da ke. Masu ciwonmu suna aure suna haihuwa, sai dai ciki yana son sukari ya daidaita tun kafin ya shiga, kuma a ƙarƙashin idon likita har a sauka.

Saura magana ɗaya. Kina wurin lokacin da likita ya duba kumburin ƙafata da kumfar fitsari ya ce ƙodata ta gaji, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa, sai dai a rage masa gudu. Innarki ta gaya mini kin ce za ki je buro, ofishin masu tura malamai, ki roƙa a dawo da ke Agiye don ki kula da ni. Ban yarda ba. Ina shan maganina, na rage gishiri, ina zuwa awo, innarki tana tsaye a kaina yadda ta saba. Zamanki kusa da ni ba zai ƙara wa ƙodar nan komai ba. Ciwon ya ɗauki ido ɗaya da yatsu biyu da sana'ata, na bar masa, da hannuna na ba shi. Aikinki ba ya cikin abin da zan ba shi. In lokaci ya yi da ya kamata ki zo, ni da bakina zan kira ki, ba zan ɓoye miki ba. Ke ma in na tambaye ki jiki a waya, kada ki ce lafiya lau don ki kwantar mini da hankali. Ki gaya mini yadda yake.

Allah Ya ba ki lafiya mai ɗorewa, Ya tsare miki idonki da ƙafarki da hankalinki. Ya sa yaran da aka damƙa miki su amfana da ke, Ya haɗa ki da mutanen kirki a hanya da masauki, Ya kai ki shekarun da ban kai ba da jikin da ya fi nawa. Ki gaida daraktanku da matar gidan da kike, ki ce mahaifinki yana godiya tun kafin ya san su. Na yafe miki duniya da lahira, ki zauna ki yi aikinki.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Lawali Tela, Agiye